Tsohuwar Bishiyar Tsakar Gida: Amanar Da Muke Wasa Da Ita

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Kuseri ba sai an gaya masa amfanin inuwa ba. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kwanon ɗaki ya ɗau zafi kamar tanda, mutan gida su kwashe tabarmi su koma gindin bishiya. A nan ake girki, a nan ake tarbar baƙo, a nan yara ke bitar karatu. Amma abin mamaki, wannan bishiya da ta fi kowa yi wa gidan hidima ita ce ba mai tambayar lafiyarta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a gidanmu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya dasa darbejiya a tsakar gida tun ba a haife ni ba. Bayan rasuwarsa yayana ya ga taɓon damina ya ishe mu, ya kira magina suka shafe tsakar gidan da siminti har wuyan bishiyar. Na ce masa, "Yaya, a bar mata ɗan fili ta sha ruwa mana." Ya yi dariya ya ce, "Kai dai malamin makaranta ne. Icen da ya ga farin 1984 bai mutu ba, siminti ne zai kashe shi?" Na yi shiru, don ba a jayayya da babba. Shekara uku ke nan, ganye ya ƙanƙance, rassan sama suka fara bushewa. Wata rana iskar farkon damina ta karyo reshe ya faɗo daidai inda tsohuwarmu ke shimfiɗa tabarma. Allah ya tsare, ta shiga ɗaki. A makon nan muka sare ta, mai gidan burodi ya kwashe itacen.

Mai karatu, bishiyoyin nan ba da kansu suka fito ba. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, asalinta daga ƙasar Indiya take, an kuwa kai ta ƙasar Barno a 1928. Bayan farin da ya addabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970, gwamnatin Shugaba Ahmadu Ahijo ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa mai suna Sahel Vert a arewacin Kamaru, aka dasa darbejiya ba adadi. Wanda ya bi titunan Marwa ya ga yadda darbejiya da maɗaci suka yi wa gari rumfa. An sake farfaɗo da shirin a 2008, mu malamai muka fita da ɗalibai ana dashe ana tafi. Dashe abu ne mai kyau, sai dai dashen bana ba zai ba da inuwar kirki ba sai bayan shekaru masu yawa, in ma ya tsira daga awaki da ƙishi. Ruwan da Kuseri ke samu a shekara bai fi kimanin milimita 600 ba, alhali Garwa tana samun wajen 1,000. Saboda haka a nan riƙon tsohuwar bishiya ɗaya ya fi dasa sababbi sauƙi da arha.

Abu na farko da ya kamata maigida ya sani shi ne rayuwar bishiya tana ƙarƙashin ƙasa. Ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa yawancinsu ba su da nisa da saman ƙasa, kuma sukan bazu har su wuce inda inuwa ta tsaya. Suna bukatar ruwa, suna bukatar iska. In aka rufe su da siminti, ko aka jibge musu ƙasar ciko, ko aka datse su wajen haƙar shadda da harsashin gini, bishiya ba za ta nuna nan take ba. Sai bayan shekara biyu ko uku a ga tana bushewa daga sama, a ce ciwo ne ya kama ta. Wajen 1990, da darbejiya ta riƙa lalacewa a ƙasar Nijar, masu bincike sun fi ɗora alhakin a kan ƙarancin ruwa da taurin ƙasa. To, in ba makawa sai an yi daɓe, a bar fili kewaye da gindin, aƙalla taku uku ko huɗu ta kowane gefe, kuma a sa bulo marar siminti a tsakani don ruwa ya riƙa ratsawa.

Na biyu, ban ruwa. Ba a jikin kututture ake zuba ruwa ba, can wajen bakin inuwa ne saiwoyi ke sha. A bazara, a ƙosar da ƙasa sosai sau ɗaya a mako biyu ya fi yayyafi kullum. Ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi sun wadatar, amma ruwan omo, da mai gishiri, da baƙin man mashin, guba ne. Ganyen da ya zubo kada a ƙone shi a gindin bishiya. A baza shi ya rufe ƙasa, ya riƙe danshi, ya ruɓe ya zama taki, sai dai kada a tara shi ya manne da kututture. Yawan ruwa kuma shi ma illa ne. Ƙasar Kuseri laka ce mai riƙe ruwa, darbejiya kuwa ba ta jure ruwan da ya kwanta mata. Wanda ambaliyar 2022 ko ta 2024 ta shiga gidansa ya duba bishiyarsa da kyau: in ta karkata, ko ƙasa ta tsattsage ta kumbura a gefe ɗaya na gindin, saiwa ta saki, kada a kwana ƙarƙashinta.

Na uku, sassabe. A nan muka fi yin ɓarna. Sai a ɗauko yaro da gatari ya gundule kan bishiya gaba ɗaya, ta tsaya kamar turke. Rassan da za su tofo daga baya a fatar ice kawai suke riƙe, su ne iska ke fara karyawa, kuma ruɓa takan bi ta wurin saran ta sauka cikin kututture. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganye a lokaci guda. A fara da busassun rassa, da masu gogar juna, da waɗanda kauci ya hau, domin kauci ruwan bishiya yake tsotsa, maganinsa a yanke reshen ƙasa da inda ya kama. Babban reshe kuma da zarto ake yanke shi, sau uku: a ɗan yanka ta ƙasa, a datse ta sama gaba kaɗan don kada nauyinsa ya ɓare ɓawo, sa'an nan a cire guntun da ya rage dab da kumburin da ke gindin reshen, ba tare da an taɓa kumburin ba. Daga nan ne bishiya ke rufe mikinta. Mangwaro a bari sai an gama cin 'ya'yansa. Wanda ke da gawo kuma ya tuna shi da damina yake zubar da ganye, kada ya zaci mutuwa ya yi.

Na huɗu, ɓawo. Abincin da ganye ya haɗa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Masu neman sassaƙen maɗaci don magani in suka kewaye kututture da sara, sun yanka bishiyar ke nan. Haka ƙusa, da igiyar shanya ta waya da ke nutsewa cikin reshe, da murhun da ake kafawa a jikinta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gara ma galibi inda ya mutu ko ya ji rauni take bi. A riƙa duba bayan ganye kuma, domin a tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye yana tsotsarsa ya yi wa darbejiyar yankin Tafkin Cadi mummunar ɓarna.

Sai kuma haƙƙin maƙwabci. Reshen da ya ƙetare katanga, ko saiwar da ke ɗaga bangon wani, a zauna a yi magana tun kafin a kai ga mai unguwa. Reshen da ya kusa wayar lantarki kuwa kada a tura yaro ya hau. A sanar da ma'aikatan wuta. Kafin a kayar da babbar bishiya, a nemi shawarar ma'aikatan gandun daji.

Na san akwai jarabar kuɗi. Tun da Cadi ta hana sayar da gawayi a farkon 2009 itace ya ƙara daraja a bakin kogin Logon, kuma mai saye ba ya wuyar samu. Amma kuɗin itacenmu bai kai wata guda a hannu ba, ga shi yanzu da rana tsaka tsohuwarmu sai dai ta ɗauki tabarma ta tafi inuwar maƙwabta.

Shawarata ita ce, kowane watan Afrilu, kafin hadarin farko ya haɗo, maigida ya kewaya bishiyarsa ya dubi sama, ya dubi jiki, ya dubi ƙasa, kamar yadda yake duba rufin ɗaki. Yayana da kansa ya ɗauki guduma ya fasa simintin nan, muka dasa tsamiya a gurbin. Ba lalle mu ne za mu sha inuwarta ba, amma mu ma ai ta wani muka sha. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.