"An Yi Mini Kutse": Tambayoyin da Ake Kawo Mini Shago

Gyaran waya nake yi a Unguwar Dosa, amma 'yan shekarun nan da yawa daga masu zuwa shagona wayarsu lafiyarta ƙalau. Abin da ke cikinta ne ya salwanta. Wani an ƙwace masa WhatsApp ana bin danginsa da roƙon kuɗi da sunansa, wata kuma ta wayi gari kuɗin adashin da ta kwasa sun bar asusunta. Kowa da magana ɗaya: an yi mini kutse.

Tambayar da ta fi yawa ita ce, shin mutum zai iya shiga wayata don kawai yana da lambata? Akwai masu iyawa a duniya. A 2019 kamfanin WhatsApp ya kai ƙarar wani kamfanin Isra'ila mai suna NSO, kan cewa an bi ta kiran WhatsApp an dasa manhajarsa ta leƙen asiri, Pegasus, a wayoyi kusan 1,400. Sai dai irin wannan makami gwamnatoci ake sayar wa da kuɗi masu nauyi, ba a ɓata shi a kan mai shagon tireda. Abin da ake yi mana a nan ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. Wani ne zai kira ka da sallama da ladabi, ya ce daga zauren tsofaffin ɗalibanku ne ko na Islamiyya, za a yi taro da dare, an turo maka lambobi shida, ka karanto masa a sa sunanka. Lambobin nan su WhatsApp ke turowa idan za a mayar da asusunka wata wayar. Kana karantawa ka miƙa makulli da hannunka.

Maganinsa na cikin saitin WhatsApp ɗin, inda ake tabbatarwa mataki biyu. Ka zaɓi wasu lambobi shida naka na kanka, ko ɓarawo ya samu na saƙo sai ya ci karo da su. Wanda aka riga aka ƙwace wa, ya sake rajista da layinsa, sabuwar lambar da za a turo za ta fitar da ɓarawon. In ya riga ka sa lambar mataki biyun, za ka iya jiran kwana bakwai, don haka a sanar da dangi tun da wuri kada wani ya tura kuɗi.

Maganar banki ita ta fi ci mini rai. Lambar asusu, mai lambobi goma, ba ta fitar da kuɗi, shigo da su take yi. BVN ma, da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014, ita kaɗai ba ta cire ko sisi. Amfaninta ga ɗan damfara shi ne ta kai shi ga cikakken sunanka da ranar haihuwarka, ya kira ya karanto maka su har ka sakankance ma'aikacin banki ne. Sannan ya ce za a rufe asusun yau, sai ka ba shi lambobin gaban katinka, da ukun da ke baya, da lambar OTP da ta shigo yanzu. Gaggawar nan ita ce alamarsa. Banki ba ya tambayar waɗannan ta waya, ko da wasa.

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura kowa harkar tiransifa, har da iyayenmu da ba su yi boko ba, ba kuma tare da an zaunar da su an yi musu bayani ba. Har yau ina ganin dattijuwa ta miƙa wa mai POS kati, ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi mutane na tsaye a layi. Wata ƙawar mahaifiyata da na yi wa magana ta ce, "To ɗana, idona ba ya gani, yaya zan yi?" Na ce, "Mama, ki taho da jikarki ta danna miki, kuma kar lambar ta zama shekarar haihuwarki." Ban ga laifinta ba. Mu da muka sani ne ya kamata mu yi wannan aikin a gidajenmu.

Sai layin waya, wanda kusan ba mai kulle shi. An fizge wa mutum waya a tashar Kawo, hankalinsa na kan kuɗin wayar, ɓarawo kuwa sim ɗin yake so. Zai zare shi ya sa a ƙaramar waya, duk saƙon banki ya koma hannunsa. Shi sim yana da tasa lambar sirrin a saitin tsaro. A kula dai, kuskure uku yana rufe shi, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓalle shi. Ranar da waya ta ɓace kuma, a fara da rufe asusun banki da layin kafin a tafi cigiya.

Samari tasu tambayar daban ce: "Oga, ka koya mini kutse." Nakan tambaye su na me. Mai son leƙa Facebook ɗin budurwa ko shiga sahun 'yan Yahoo, ina gaya masa akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma ta tanadi hukunci kan shiga na'urar wani ba izini. Ramon Abbas, wato Hushpuppi, da suke sha'awar motocinsa, a Dubai aka kama shi a 2020, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 11 da wata 3 a 2022.

Amma akwai masu tambaya da gaske, kuma su nake jin daɗin gani. Bankuna da kamfanoni suna biyan mutane su gwada katangarsu, su nuna ɓaraka kafin ɓarawo ya gano ta, bisa rubutaccen izini. Nan kusa da mu, cibiyar fasaha ta sojan sama, AFIT, tana ba da digiri a tsaron intanet. Mai kwamfuta ko tsohuwa ce zai iya farawa daga gida: ya sa mata Linux, ya koyi yaren Python, ya fahimci yadda saƙo ke tashi daga waya ya bi ta eriyar kamfani har ya isa wata ƙasa. Shafuka irin su TryHackMe sun tanadi kwamfutocin gwaji da aka halatta a fasa. Karatun yana cin watanni kafin a ga wani abin nunawa, yana kuma buƙatar Turanci da data da wutar da ba kullum muke da ita ba. Wanda ya dawo mini bayan wata guda ya iya bayanin tafiyar saƙon nan, nakan buɗe masa tsohuwar kwamfutar shago da yamma ya yi gwajinsa a kanta.