Yadda A Ke Koya wa Malaman Jinya Duba Rauni

Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga cikin 1974, aka jawo ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, manoman ƙasar nan ba su san hutun rani ba. Daga shinkafa sai alkama, sai tumatir. Amma inda lauje da fartanya ba su hutawa, ba a rasa rauni, ga shi kuwa ƙafar mai shinkafa cikin taɓo ta ke wuni.

Malamin jinya, watau nas, shekaru ya ke yi a makaranta, irin ta Kano ko ta Madobi, kafin a ba shi izinin aiki. Farkon abin da a ke koya masa game da rauni shi ne kada ya yi gaggawar ɗaurewa sai ya duba. Ya kan wanke hannunsa, ya tsai da jini, sa'an nan ya tambaya: me ya yanke ka, yaushe kuma? Ya auna tsawon raunin da zurfinsa, ya rubuta, don in ka komo ya gane ko yana haɗewa. Ya dubi launin naman: ja mai damshi alamar warkewa ne, baƙi kuwa ya mutu, sai an cire shi. In akwai kumburi da zafi da mugunya, to, ƙwayoyin cuta sun shiga. Bayan haka ya wanke da ruwan gishiri mai tsabta, ya rufe da bandeji.

Ƙwayoyin nan ido ba ya ganinsu. Wani likitan Turawa, Joseph Lister, shi ya nuna cikin 1867 in an kashe su rauni ba ya ruɓewa. Mafi muni cikinsu ita ce mai kawo sarƙe-haƙora, gidanta ƙasa da kashin dabbobi. Ta kan yi kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, shi ya sa a ke yi wa mai rauni allurar rigakafi.

To, ɗan'uwa, in ka ji ciwo a gona, kada ka zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai. Wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ka ɗaure da tsumma wankakke, ka tafi asibiti ran nan, balle in kana da ciwon sukari. Gama ƙaramin yanka in an sake da shi ya kan zama gyambo, gyambo kuwa ya kan kwantad da maigida har lokacin girbi ya wuce.