FILIN WASA DA DANDALIN KIƊA A BIRNIN YAMAI

Baƙon da ya zaga birnin Yamai ba zai rasa ganin waɗansu manyan gine-gine ba waɗanda ba kasuwa ba ne, ba asibiti ba, ba kuma ofishin minista ba. Akwai babban filin wasanni mai sunan Janar Saini Kunce, wanda ke ɗaukar mutum wajen 35.000. Kusa da shi akwai zauren wasanni na 29 ga Yuli. Akwai filin kokowa. Ba nisa da babban masallacin Juma'a akwai gidan al'adu na Umaru Ganda, mai dandali a sarari inda makaɗa ke wasa da dare. Akwai kuma makarantar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya. Duk waɗannan da dukiyar ƙasa aka yi su, ko kuwa da taimakon da ƙasashe aminai suka bayar da sunan jama'ar Nijar. Saboda haka manomin Filinge da makiyayin Abalak suna da rabo a cikinsu, ko da ba su taɓa taka ƙofarsu ba, kuma suna da ikon su tambayi yadda ake riƙe su.

A zamanin da, ba gwamnati ke ciyar da makaɗi ba. Sarki yana da makaɗansa, mahauta suna da nasu, maƙera da manoma da mafarauta haka. Makaɗi ya yi kiɗa, ubangidansa ya ba shi riga, ko doki, ko damin hatsi. Kokowa kuwa wasan kaka ce: in an gama girbi, rumbu ya cika, sai samarin wannan gari su tafi wancan gari da makaɗansu, a share fili a bakin kasuwa, a kara. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a gina komi.

Abin ya sake kama bayan da sojoji suka karɓi mulki ran 15 ga Afirilu 1974. Ƙasa tana fitowa daga babban fari, dabbobi sun ƙare, mutanen karkara sun cika birane. Saini Kunce ya hana jam'iyyun siyasa, amma yana bukatar hanyar da zai tara matasa. Sai aka tada samariya, tsohuwar ƙungiyar samari ta ƙasar Hausa, aka shimfiɗa ta ko'ina cikin ƙasa, kowace unguwa da sarkin samarinta. Samariya ta yi aikin gayya, ta gina azuzuwan lakwal, ta dasa itatuwa. Ita ce kuma ta zama uwar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo.

A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. A 1976 aka yi babban bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram. Dabarar da aka yi a nan ta cancanci a tsaya a kanta. Ba a ce kowace shekara a zo Yamai ba. An ce biki ya riƙa zagayawa jiha jiha. Jihar da za ta karɓi baƙi kuwa tilas a gyara mata filin wasa, a gina mata gidan matasa, a yi mata wurin kwanan baƙi, wani lokaci har da hanya da fitilu. In biki ya watse, gine-ginen suna nan. Ta haka ne manyan garuruwa suka sami gidajen matasa da filayen kokowa, kuma daga baya aka raɗa wa gidajen sunayen masu fasahar wurin: na Maraɗi sunan Bawa Ɗan Wardanga, na Yamai sunan Jado Seku, mashahurin mai ba da tarihi da harshen Zabarmanci. Kuɗin kuwa akwai su a lokacin, don ƙarfen uraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙowa a 1971, ya yi tsada ƙwarai a ƙarshen shekarun 1970.

Sai dai mai ba ka riga shi ke zaɓen launinta. Yawancin waƙoƙin da ke cin gasa a wancan zamani waƙoƙin haɗin kan ƙasa ne, da yaƙi da hamada, da yaƙi da jahilci, da yabon hukuma. Waɗannan ba mugayen zantuka ba ne, kuma da yawa daga cikin waƙoƙin suna da daɗi har yau in gidan rediyon Muryar Sahel ya sako su. Amma mawaƙin da ke da wata magana daban, wadda ba ta yi wa masu mulki daɗi ba, ya san babu dandalin da zai hau da ita. Wannan aibi ne na gaske, kuma ba a Nijar kaɗai aka gan shi ba; a Gine ta Seku Ture, inda gwamnati ta riƙe ƙungiyoyin makaɗa da albashi, haka abin ya kasance.

MAKAƊAN ZAMANI

Masu jita da ƙaho da gangunan Turawa sun daɗe a baya. Gidajen rawa na Yamai waƙoƙin Kwango da na Mali da na Najeriya suke sha. Domin gyara wannan ne aka kafa gasar Ɗan Gurmu a 1987, da sunan wani shahararren mawaƙin Tawa, don ƙungiyoyin kiɗan zamani su kara da juna da harsunan ƙasa. Ba da daɗewa ba aka buɗe makarantar koyon kiɗa a Yamai da taimakon asusun raya ƙasashe na Turai, aka ba ta sunan Alhaji Taya bayan rasuwarsa. A nan saurayin da ba shi da kuɗin sayen jita ya sami jitar da zai koya, da ɗakin gwaji, da malami. Sa'adu Bori, Musa Pusi, Fati Mariko da Yakuba Mumuni, wanda ya kafa ƙungiyar Mamar Kasai a 1995, duk sun ratsa ta wannan gida ko sun yi aiki da mutanensa.

Labarin Malam Mamman Barka ya isa misali. Malamin lakwal ne, mai kiɗan gurumi, ya koma aiki a wannan makaranta. A 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi wurin wani dattijo Bukar Tar, wanda ake cewa shi ne na ƙarshe da ya iya kaɗa biram, molon Buduma mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa. Ya zauna ya koya, ya komo da biram Yamai, ya kai shi har Turai. Barka ya rasu a 2018. Ba don akwai gidan da zai koma da abin da ya koyo ba, da biram ya bi dattijon nan kabari.

Amma kafin wannan makaranta ta tsaya da ƙafafunta, ƙasa ta shiga matsi. Farashin uraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980. Bayan babban taron ƙasa na 1991 samariya ta watse, don an ɗauke ta kayan aikin tsohon mulki, kuma ba a kafa wani abu a gurbinta ba. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, tsirkiyar jita da lasifika da duk abin da ake sayowa waje suka ninka kuɗi. Ma'aikata na yin watanni ba albashi. Wa zai yi zancen fentin gidan matasa? Masu kwafar kaset suka cinye guminsu mawaƙa, ko da yake an kafa ofishin kare haƙƙin masu fasaha a cikin shekarun nan. Makaɗi ya koma inda kakansa ya baro: gidan biki da gidan suna, sai kuma yaƙin zaɓe, inda ɗan siyasa ya maye gurbin sarki.

Abin lura shi ne, mawaƙan Nijar da duniya ta fi sani a wannan ƙarni, kamar Bombino na Agadas, da Mdou Moctar, da ƙungiyar Tal National ta Yamai, ba gasar gwamnati ce ta fid da su waje ba. Kamfanonin faifai na Amurka da Ingila ne suka ɗauke su. Ana alfahari da su, kuma daidai ne. Amma ƙasar da ƴaƴanta sai sun ƙetare teku kafin su sami dandali mai kyakkyawar na'ura, akwai sauran aiki a gabanta.

BABBAN FILI

Ƙasar Sin ce ta gina babban filin wasanni, aka buɗe shi a 1989 zamanin Janar Ali Saibu, shekara biyu bayan rasuwar Kunce. Ya ga ranakun farin ciki. A Disamban 2005 ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci karo na biyar, inda aka haɗa guje-guje da tamola da kokowa da waƙa da rawa cikin kwana goma sha ɗaya. An yi gardama a kansu, don a shekarar nan ce yunwa ta addabi jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma masu cewa a sayi hatsi da kuɗin ba su yi wauta ba. A Oktoban 2010, a filin nan, ƙungiyar Mena ta ci Masar ɗaya da nema, Musa Maazu ya jefa ƙwallon, alhali Masar ce ke riƙe da kofin Afirka. Wannan nasara ce ta buɗe wa Nijar hanyar zuwa gasar Afirka ta 2012, karo na farko a tarihinta, ta sake zuwa a 2013. Yamai ta karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, sannan ita da Maraɗi suka karɓi ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019.

Daga nan sai hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta tsananta sharuɗɗanta game da ciyawa, da fitilu, da kujeru, da ɗakunan ƴan wasa, ta ce filin bai cika su ba. A Satumban 2021 Mena ta karɓi Burkina Faso a Maroko. A Yunin 2022 ta karɓi Tanzaniya a Kwatano. A Nuwamban 2024 ta ci Sudan huɗu da nema, amma a Lome, gaban kujeru da yawa da ba kowa. Wasan gida ke nan a gidan wani. Kuɗin jirgi da masauki da hayar fili da aka kashe a waɗannan tafiye-tafiye daga baitulmali suka fito. Mai sayar da ruwa da mai tsire da ɗan taksi na Yamai, waɗanda ranar wasa take ranar kasuwarsu, ba su ga ko dala ba. Ba Nijar kaɗai wannan hukunci ya shafa ba, ƙasashen Afirka da dama sun sha shi. Dalilin dai ɗaya ne: ranar buɗe gini akwai tuta da jawabi, amma kuɗin shayar da ciyawa da sauya fitila ba su da ranar biki, su ake fara yankewa in kasafi ya ƙuntata.

Ga kuma unguwanni. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 17 a Nijar, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba, Yamai kuwa ta wuce miliyan ɗaya. Birnin na faɗaɗa, ana yanka filaye ana sayarwa, yara na buga tamola a kan titi tsakanin motoci. Lambar Olimfik biyu Nijar ta taɓa samu: tagullar Isaka Dabore a dambe a 1972, da azurfar Abdul Razak Alfaga a taikwando a 2016. Shekara 44 ke tsakaninsu, kuma Alfaga a Jamus ya yi horon da ya kai shi can. Magajin gari da ya keɓe fili ɗaya a kowace sabuwar unguwa, ya sa masa takarda, ya hana a sayar, ya yi wa wasanni aikin da ya fi kofi goma.

Kokowa ce kaɗai ba ta yi rauni ba, duk da sauyin gwamnatoci. Jihohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, gari ɗaya ke karɓar baƙi, ana gyara masa fili kafin su zo. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Rediyo da talabijin na kai wasan har rugar da ba ta da lantarki. A cikin filin nan makaɗi bai zama baƙo ba: ɗan kokowa ba ya shiga sai da kirari, ƴan cali-cali na ba da dariya, kuma muryar mawaƙa irin su Sagalo ta zama rabin wasan. A Agadas, a gasar da aka fara a Disamban 2023, Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa.