Amfilifaya mai kwalba ba ta kare kunne daga kurumta

Akwai wani saƙon murya da yake ta yawo a WhatsApp, daga zauren 'yan unguwa zuwa na tsofaffin ɗalibai. Mai maganar, da alama mai shagon kayan sauti ne, yana kwatanta amfilifaya iri biyu da ake sa wa lasifikar falo: ƙaramar nan mara nauyi da ake kira Class D, da kuma mai gauraye, wadda ake ganin kwalabe biyu na gilashi a samanta suna haske ja-ja. Ya jero maganganu da yawa. Wasu gaskiya ne, wasu shaci-faɗi, ɗaya kuwa tana iya jawo wa mutum nakasa.

Ya ce harafin D yana nufin dijital. Ba haka ba ne, harafi ne kawai da ya biyo bayan A da B da C a jerin tsarin amfilifaya. Ya ce Class D sabuwar ƙirar China ce, alhali kamfanin Sinclair na Ingila ya sayar da irinta tun 1964. Ya ce ba ta cin wuta, kuma a nan ya yi gaskiya: kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ja tana miƙa wa lasifika, kaɗan ne yake zama zafi. Wanda gidansa ke kan sola da inbata ya san amfanin wannan. Gaskiya ne kuma kwalba tana tsufa, wata rana sai an canza ta.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce inda ya ce sautin Class D ne yake kashe kunne, amma sautin kwalba "na asali" ne, ko an ƙure shi ba ya yi wa kunne komai, har yara za su iya kwana kusa da lasifika. Wannan ƙarya ce, kuma wanda ya faɗe ta don kayansa su fita daga shago ya ji tsoron Allah.

Kunne bai san kamfani ba, bai san kwalba ba. Abin da yake isa gare shi motsin iska ne da lasifika ta tura. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wasu ƙwayoyi masu siraran gashi waɗanda suke mayar da wannan motsi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da su, idan ta daɗe ta kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Abu biyu ne ke yin ɓarnar: ƙarfin sauti da tsawon lokacin da aka ɗauka ana jin sa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya ba babban mutum awa 40 a mako idan ƙarfin sautin desibel 80 ne, yaro kuwa desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. A desibel 90 awa 4 ke nan a mako gaba ɗaya, a 100 kuwa ko rabin awa bai cika ba. Babu inda lissafin ya ware wa kwalba nata kason.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba, don kunnensu ne ya ba su shaida. Kwalba tana ƙara wa sauti wani ɗan amo mai laushi, kuma idan aka matsa mata ba ta yin tsatsa farat ɗaya yadda Class D mai arha take yi idan an wuce ƙarfinta. Wannan tsatsar, duk da rashin daɗinta, ita ce take sa hannu ya koma ya rage murya. Idan babu ita sai mutum ya yi ta ƙarawa yana jin daɗi. Shayi mai zafi ne da aka cika wa sukari: zaƙin bai hana shi ƙona harshe ba, sai ma ya sa a kurɓa da sauri.

Ga kuma abin da mai saƙon ya tsallake. A amfilifaya mai gauraye, kwalbar tana aiki ne a matakin farko, inda sautin yake ƙarami. Mai tura lasifika da ƙarfi taransisto ne, kuma a da yawa daga cikin ƙananan da ke kasuwa wannan sashe Class D ne shi ma. Wasu ma hasken da ake gani ba na kwalbar ba ne, ƙaramar fitila ce aka dasa a ƙarƙashinta don ado. Wato abin da ya ce a guje wa yana nan cikin akwatin da yake talla.

Wacce ta fi daɗin sauraro? Wannan zaɓin kunne ne, kowa ya je ya saurara da waƙar da ya sani, a lasifika ɗaya, a ƙarfi ɗaya, ya ɗauki wadda ta kwanta masa. Amma ko wacce ka kawo gida, gwajin ɗaya ne. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke zaune kusa da kai ya ji ka, sautin ya yi yawa. Idan ka kashe ka ji kunnenka yana kuka, ko maganar mutane ta koma kamar daga nesa, ka riga ka wuce iyaka, kuma idan abin ya ƙi wucewa ka ga likitan kunne.

Don Allah, wanda ya tura wancan saƙo ya koma zauren ya gyara, musamman maganar yara.