Tsohon Ogan Mai Bawul: Ko An Zare Fulogi, Wuta Tana Ciki

Cikin kayan gwanjon da ke shigowa daga Amurka da Turai, jefi-jefi akan ci karo da tsohon ogan, akwatin kiɗan nan mai kama da fiyano, wanda ya ba shekara hamsin baya. Wani kuma yana can jibge a ɗakin ajiyar majami'a, ƙurar hunturu ta rufe shi, ɓeraye sun yi gida a ciki. Duk wanda ya same shi, zuciyarsa za ta raya masa ya jona shi da wuta ya ji ko yana kuka. Daga nan ɓarna take farawa.

A fara duba ɗan allon da ke bayansa. Idan na Amurka ne, wutar volt 110 zuwa 120 ya sani, tamu kuwa 220 ce zuwa 230, don haka sai da taransfoma mai rage ƙarfi. Ko an samu wannan ma, kada a sakar masa wuta gaba ɗaya. Kwandansa, wato ɗan kayan cikinsa mai tara wuta, in ta yi shekaru ba ta aiki takan bushe, tana iya fashewa ko ta ja taransfomar ciki ta ƙone. Dabarar tsofaffin masu gyaran rediyo ita ce a bi da wutar ta cikin ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki, kafin ta isa ga ogan ɗin. In ƙwan ya haska sannan ya dusashe, madalla. In ya tsaya da haske fes, wani abu ya haɗu a ciki, a kashe nan take.

Babban hatsarin yana nan tafe. Kwalaben lantarkin da ke cikin ogan ɗin, waɗanda ake kira bawul, suna aiki da volt 300 zuwa 400, wani wurin ma fiye. Manyan kwandansoshi ne ke tara wannan wuta, kuma zare fulogi ba ya kwashe ta. Mutum zai ga kwalabe sun huce, ɗaki shiru, ya zura hannu, abin da ya kwanta a ciki ya buge shi. In wutar ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, ta ƙirji ta bi, tana iya tsayar da zuciya. Shi ya sa gwanaye ke aiki da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu, da takalmin roba, ba zobe ba agogo. Sukan zuƙe wutar a hankali ta hanyar rezista, su auna da mita har sai ta nuna babu saura. Ɗabi'ar nan ta ɗora sukudireba a kan ƙafafun kwandansa don a ji ta yi "fau" karambani ne, tana lalata kayan, tana iya fallatsa wa ido tartsatsi. Wanda bai iya karanta mita ba, a ganina iyakar aikinsa share ƙura da buroshi mai laushi. Sauran na mai gyara ne.

Sai batun daidaita murya, inda mutane da yawa ke zuwa neman gira su rasa ido, don ba su san cewa ogan ba iri ɗaya ba ne.

Irin su Lowrey suna da tushen sauti 12, sauran muryoyin duk daga su ake rarrabo su. Kowane tushe yana da ɗan naɗin waya mai dunƙule a tsakiya da ake murzawa. A bar ogan ya ɗumama kamar rabin awa, a sauke manhajar auna sauti a waya, a ɗauki muryar A a kan 440, a riƙa murzawa kaɗan-kaɗan. Da abin roba ake murzawa. Ƙarfe yana karkatar da sautin, yana kuma farfasa dunƙulen, wanda ba shi da ƙwari.

Hammond kuwa, wanda Laurens Hammond ya fitar kasuwa a Chicago a 1935, ba shi da wurin murzawa. A samfurinsa da ya fi shahara, B-3, ƙananan faya-fayan ƙarfe 91 ne ke juyawa a gaban maganaɗisu, kuma saurin injin da ke juya su yana bin bugun wutar gari. Ta Amurka tana buga 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar 50. Taransfoma ba ta canza wannan. Saboda haka Hammond na Amurka in ya zo nan, muryarsa kan sauka da madannai uku da ɗan wani abu, mawaƙa su yi ta zargin kunnensu. Lafiyarsa ƙalau, na'urar da ke mayar da bugun wuta 60 yake buƙata. A kan ƙaramin janareta ma sai a ji murya tana hawa tana sauka duk sanda firji ya tashi.

Abin da Hammond yake nema a kai a kai shi ne mai, sau ɗaya a shekara, kuma nasa na musamman, siriri, wanda zaren auduga ke tsotsa ya kai shi ga kowane fai. Man mota yana da kauri, yana toshe zaren, injin ya fara ƙara har ya cije.