Iyakokin Mallakar Ƙirƙira: Darussa Daga Kimiyyar Haske da Fasahar Halittu da Kwamfuta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan shaidar mallakar ƙirƙira, wato takardar da hukuma kan bai wa wanda ya ƙago sabon abu domin ya keɓanta da cin moriyarsa na wani ƙayyadadden lokaci. An bi diddigin wasu fitattun shari'o'i da aka yi a Turai da Amurka a fannonin kimiyyar haske da fasahar sarrafa halittu da ingancin aikin kwamfuta. Maƙalar ta nuna cewa kowane fanni ya tilasta wa kotuna amsa wata tambaya ta daban, amma amsoshin duka sun koma ga tushe guda: doka tana kare abin da ɗan'adam ya ƙera kuma ya bayyana wa jama'a a rubuce.

Fitilun Kalmomi: shaidar mallaka, ƙirƙira, leza, ƙwayar gado, manhaja

1.0 Gabatarwa

Shaidar mallakar ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin maƙirƙiri da al'umma. Shi zai bayyana sirrin abin da ya ƙago dalla-dalla, ta yadda duk wani masanin fannin zai iya karantawa ya kwaikwaya. Ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba har wa'adin ya cika, daga nan ya zama na kowa. Jamhuriyar Benis ta kafa doka a kan haka a shekarar 1474, Ingila ta yi tata a 1624, Amurka kuwa a 1790. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallakar fasaha da ta fara aiki a 1995 a ƙarƙashin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta tsayar da wa'adin a kan shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata.

A yawancin ƙasashe ana duba sharuɗɗa uku kafin a ba da shaidar. Dole abin ya kasance sabo, ba a taɓa bayyana shi a ko'ina ba. Dole ya ƙunshi wani mataki na basira da ba kowane ma'abocin sana'ar zai hango shi cikin sauƙi ba. Sannan dole ya zama mai amfani a aikace. Sharuɗɗan suna da sauƙin faɗi, amma aiwatar da su ya ci shekaru da dukiya mai yawa a kotuna, kamar yadda za a gani a ƙasa.

2.0 Kimiyyar Haske: Wa Ya Riga Wani?

A watan Oktoba na shekarar 1608, wani maƙerin tabarau na garin Middelburg mai suna Hans Lipperhey ya nemi majalisar ƙasar Holan ta ba shi shaidar mallakar madubin hangen nesa. Ba a jima ba Jacob Metius na garin Alkmaar ya kawo irin wannan buƙata. Majalisar ta ga cewa na'urar ta riga ta shiga hannun mutane da dama kuma kwaikwayonta ba shi da wuya, saboda haka ta hana su duka biyun. A shekarar da ta biyo baya Galileo ya ƙera nasa a Italiya ba tare da neman izinin kowa ba.

Madubin farko yana da aibi. Gilashi yakan karkatar da kowane launi na haske gwargwado daban, shi ya sa gefen abin da ake kallo yakan fito da launuka kamar bakan gizo. Wajen shekarar 1733 wani lauya ɗan Ingila, Chester Moor Hall, ya gano cewa haɗa gilashi iri biyu masu bambancin karkatar da haske yana magance matsalar. Ya sa an yi masa, amma bai wallafa ba, bai kuma nemi shaida ba. A 1758 John Dollond ya sami shaidar mallakar wannan dabara. Bayan rasuwarsa ɗansa Peter ya kai wasu maƙera tabarau na Landan ƙara, su kuwa suka kare kansu da cewa Hall ya riga Dollond. Kotu ta yarda Hall ne na farko, amma ta tabbatar da shaidar Dollond, bisa hujjar cewa wanda ya fito da abu jama'a suka amfana shi ya cancanci lada, ba wanda ya kulle shi a akwati ba.

Bayan shekara ɗari biyu tambayar ta sake tasowa a kan na'urar leza. Ita leza tana aiki ne ta hanyar zuga ƙwayoyin zarra da haske ko da lantarki har su riƙa fitar da haske iri ɗaya, sannan madubai biyu masu fuskantar juna su riƙa mayar da shi gaba da baya yana ƙara ƙarfi. A watan Nuwamba na 1957 Gordon Gould, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Columbia, ya rubuta wannan tsari a littafinsa na bincike, ya kuma sa aka buga masa hatimin shaida. Sai dai ya ɗauka cewa sai ya ƙera na'ura mai aiki kafin ya nemi shaidar mallaka, don haka bai shigar da buƙata ba sai a watan Afrilu na 1959. Kafin nan Charles Townes da Arthur Schawlow sun shigar da tasu a 1958, aka kuma ba su a watan Maris na 1960. Wanda ya fara kunna leza mai aiki kuwa wani ne daban, Theodore Maiman, a watan Mayu na 1960.

Gould ya shafe kusan shekara talatin yana shari'a. Ya sami muhimmiyar shaidarsa ta farko a 1977, ya kuma sami babbar nasara a kotu a 1987. Jinkirin ya zame masa alheri, domin a wancan zamani wa'adin shaida a Amurka shekara 17 ne daga ranar bayarwa, kuma zuwa lokacin leza ta riga ta shiga asibitoci da masana'antu da kantuna. Irin wannan doguwar jayayya a kan wanda ya fara tunani tana cikin dalilan da suka sa Amurka ta sauya dokarta. Daga ranar 16 ga Maris, 2013, maƙirƙirin da ya fara shigar da buƙata shi ke da rinjaye, kamar yadda ake yi a sauran ƙasashe.

3.0 Fasahar Halittu: Halitta ko Ƙira?

A nan tambayar ta koma kan abin da ya halatta a mallaka tun asali. A 1972 Ananda Chakrabarty, masani ɗan asalin Indiya da ke aiki a kamfanin General Electric, ya nemi shaidar mallakar wata ƙwayar bakteriya da ya cusa wa ƙwayoyin gado daga wasu 'yan'uwanta domin ta iya narkar da ɗanyen man fetur. Ofishin rajista ya ƙi, yana cewa abu mai rai ba ya shiga wannan doka. A ranar 16 ga Yuni, 1980, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu cewa abin dubawa shi ne ko hannun ɗan'adam ne ya samar da abin, ba wai ko yana da rai ba. Tunda babu irin wannan ƙwaya a daji ko a ruwa, ƙira ce.

A watan Disamba na wannan shekara aka ba da shaidar mallakar dabarar Stanley Cohen da Herbert Boyer ta yanka zaren DNA da dasa shi a cikin wata halitta. Jami'ar Stanford ta zaɓi ta ba duk kamfanin da ya nema lasisi a kan farashi mai sauƙi, maimakon ta keɓe wa guda. Kamfanoni fiye da 400 suka karɓa, kuma kuɗin da aka tara kafin wa'adin ya cika a 1997 ya haura dala miliyan 200. Amma akwai asarar da aka yi. Masanan biyu sun wallafa bincikensu a 1973, ba a shigar da buƙata ba sai a watan Nuwamba na 1974. Dokar Amurka tana ɗaga ƙafa na shekara guda bayan wallafawa, ta Turai ba ta yi, don haka shaidar ta tsaya a Amurka kaɗai.

Shari'ar kamfanin Myriad Genetics ce ta shata ɗaya iyakar. Kamfanin ya mallaki shaida a kan ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda tangarɗa a cikinsu ke ƙara haɗarin kamuwa da sankarar mama da ta ƙwan mace. Da wannan shaida ya hana sauran ɗakunan gwaji yin binciken, kuma kuɗin gwajin ya wuce dala 3,000. A ranar 13 ga Yuni, 2013, Kotun Ƙoli ta ce ciro ƙwayar gado daga jikin mutum ganowa ce, komai wahalarta, domin jerin bayanan da ke cikinta halitta ce. Ta dai amince a mallaki kwafin da aka harhaɗa a ɗakin gwaji wanda aka cire wa wasu sassa, tunda ba haka yake a jiki ba.

Sharaɗin sabunta ma ya yi aiki a wannan fanni. A 1994 Ofishin Shaidar Mallaka na Turai ya bai wa kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka shaida a kan hanyar kashe cutar funfuna a jikin tsirrai da man darbejiya, bishiyar da wasu ke kira dogonyaro ko maina. Masu adawa suka kawo hujjar cewa an riga an san wannan amfani a Indiya. Aka soke shaidar a 2000, aka kuma tabbatar da sokewar a 2005.

4.0 Kwamfuta: Lissafi ko Na'ura?

Lissafi ba mallakar kowa ba ne, ita kuwa manhaja jerin matakan lissafi ce. A 1972, a shari'ar Gottschalk da Benson, Kotun Ƙolin Amurka ta hana shaida a kan wata hanyar juya lambobi daga wani tsarin rubutu zuwa wani, domin ba da ita tamkar mallaka wa mutum ɗaya ƙa'idar lissafi ne. A 1981, a shari'ar Diamond da Diehr, ta amince da shaida a kan tsarin gasa roba wanda kwamfuta ke auna zafi a kai a kai tana lissafa lokacin buɗe maƙera. Lissafin tsoho ne, amma an ɗaure shi da wani aiki na zahiri.

A 2014, a shari'ar kamfanin Alice da bankin CLS, kotun ta ce ɗaukar tsohuwar dabarar kasuwanci, kamar sa amintaccen mutum na uku tsakanin masu ciniki biyu, a ce kwamfuta ta yi, ba ƙirƙira ba ce. Wannan hukunci ya rushe shaidu masu yawa. Bayan shekara biyu, a shari'ar Enfish da Microsoft, kotun ɗaukaka ƙara ta bayyana abin da ya tsira. Enfish ya ƙago hanyar adana bayanai a jadawali guda wanda ke ɗauke da bayanin tsarin kansa, abin da ke hanzarta bincike kuma yake rage cin wurin ajiya. Kotun ta ce wannan gyara ne ga yadda ita kanta kwamfutar ke aiki, don haka yana cikin abin da doka ta yarda a nemi mallakarsa. Turai ta bi hanya mai kama da wannan: yarjejeniyarta ta 1973 ta cire manhaja zalla daga abin da ake mallaka, amma ana karɓar wadda ta warware wata matsala ta fasaha.

Ko an tsallake wannan shinge, faɗin mallakar yana rataye ne a kan kalmomin da aka rubuta. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta zamani takan gaggauta aiwatar da wasu umarni kafin lokacinsu domin ta sami sauri. Idan umarnin ya dogara da sakamakon wani da bai kammala ba, sai an sake aikin, an yi asarar lokaci ke nan. Masana a Jami'ar Wisconsin sun ƙago wani jadawali da ke tuna inda aka taɓa yin irin wannan kuskure domin a yi hasashen lokacin da ya kamata a dakata, aka ba su shaida a 1998. Gidauniyar binciken jami'ar ta kai kamfanin Apple ƙara, kuma a 2015 aka yanke diyyar dala miliyan 234. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Dalilinta shi ne shaidar ta yi magana a kan hasashen da ke haɗe da wani takamaiman umarni guda, alhali a na'urar Apple umarni da yawa kan yi tarayya a hasashe ɗaya. Fassarar kalma guda ta raba gardamar.

5.0 Kammalawa

Shari'o'in da aka kawo sun nuna cewa riga kowa tunani bai wadatar ba, kamar yadda ya faru da Hall. Gano abin da ke cikin halitta ma bai wadatar ba, kamar yadda ya faru da Myriad. Abin da doka ke karewa shi ne ƙirar da aka bayyana a kan lokaci, kuma iyakar kariyar ita ce iyakar abin da aka rubuta.

Wannan ya shafi masu bincike a jami'o'i kai tsaye, domin ƙarin girma yana tura su ga gaggauta wallafawa, alhali gabatar da takarda a taro ko sa kundin digiri a intanet kan iya kashe sharaɗin sabunta. Haka kuma shaida ba ta aiki sai a ƙasar da aka yi mata rajista. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista guda ke game ƙasashe 17. Ghana da Sudan suna cikin ARIPO mai hedikwata a Harare. Nijeriya kuwa tana aiki da dokarta ta 1970. Shari'ar darbejiya ta ƙara da wani darasi. Bayan irin waɗannan shari'o'i, Indiya ta kafa rumbun adana ilimin gargajiya a 2001 domin masu tantance buƙatu a ƙasashen waje su riƙa dubawa kafin su ba da shaida. Ilimin magunguna da tsirrai da ke bakin masu maganin gargajiya da manoma a ƙasar Hausa yana buƙatar irin wannan taskacewa, domin abin da aka rubuta da kwanan wata ya fi saurin karɓuwa a matsayin hujja a gaban ofisoshin rajista.