Sirrin Gidan Mari na Sabon Garin Daura

A tsakiyar watan Oktoban 2019, hayaniya ta ɓarke a wani gida da ke Sabon Garin Daura. Waɗanda ake tsare da su a ciki ne suka yi bore, da yawa suka ɓalle suka bazu cikin gari. Da 'yan sandan Jihar Katsina suka shiga, sun tarar da mutum 67, daga ɗan shekara 7 har ɗan shekara 40, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Rundunar ta ce kafin boren mutanen gidan sun haura 300. Aka kama mai gidan, dattijo ɗan shekara 78, wanda ya shafe kimanin shekara 40 yana gudanar da wannan gidan mari.

Ga abin ɗaure kai. Gidan nan ba a dokar daji yake ba. Cikin gari yake, garin da ke da sarki da hakimai da masu unguwanni, mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari. Ta yaya aka yi shekara da shekaru ana ɗaure yara ba a tona ba?

Mu fara da ƙofar shiga. Wa ya kai su? Zaton farko shi ne ɓarayin yara, domin haka muka saba ɗauka: mai cutar da yaro baƙo ne, mugun da ke laɓe a lungu. Amma labarin waɗanda aka ceto ya karya wannan zato. Iyaye da 'yan'uwa ne suka kai su da hannunsu, har da biyan kuɗi. Wannan bai saɓa wa binciken ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta yi da UNICEF a 2014 ba, wanda ya gano yara 6 cikin 10 a Nijeriya sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma galibi a hannun wanda suka sani.

To maƙwabta fa, ba su ji kuka ba? Kukan ɗaruruwan mutane ba ya ɓoyuwa a bayan katanga. Gidajen mari ba sirri ba ne a ƙasar Hausa. Mutane sun san su, sun kuma san abin da ake kai mutum ya yi. Abin da ya toshe kunnuwa shi ne imanin cewa duka ko yaya yake tarbiyya ne. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma an manta mai tanƙwarawa ba ya karyawa. Duk horon da ya kai ga sarƙa da yunwa da gyambo ya tashi daga gyara ya koma azaba, ko da a ƙarƙashin allo aka yi shi.

Su yaran me ya hana su faɗa? Nan ne zancen ya fi ɗaci. 'Yan sanda sun ce wasu daga cikinsu sun ba da labarin yadda aka riƙa yin lalata da su. Mu kuwa mun ɗauka 'ya mace kaɗai ake wa fyaɗe. Binciken na 2014 ya nuna yarinya 1 cikin 4 da yaro namiji 1 cikin 10 sun gamu da irin wannan ta'asa, kuma waɗanda suka samu taimako cikin yaran da aka ci zarafinsu ba su kai 5 cikin 100 ba. Sannan yaron da aka riga aka laƙaba wa sunan kangararre, wa zai yarda da shi? In ya yi ƙorafi, sai a ce dabara ce ta neman guduwa. Shirun yaro ba shaidar lafiyarsa ba ce. Sau da yawa shaidar cewa ya fidda rai da samun mai saurare ce.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa uba zai kai ɗan cikinsa irin wannan wuri? Ba ƙiyayya ba ce. Da yawa sun rasa yadda za su yi ne da ɗa mai shan kodin ko taramol, annobar da ta sa gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Wasu kuma taɓin hankali ke damun 'ya'yansu, aka ɗauke shi taurin kai. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, sun yi wa talakan Baure ko Zango nisa. Sai uba ya miƙa ɗa, ya biya kuɗi, ya koma gida da tunanin ya sauke nauyi. A nan wani kuskuren yake: muna zaton sakaci sai ga wanda ya ƙi ciyarwa. Miƙa yaro ga wani ba tare da bibiya ba, shi ma sakaci ne.

Abin da ya tabbatar da wannan bayani shi ne ba Daura kaɗai ba ce. A ƙarshen Satumban shekarar an kuɓutar da sama da mutum 300 a Rigasa, Kaduna, kuma kwanaki kaɗan bayan na Daura aka buɗe wani a cikin birnin Katsina. Garuruwa daban, hanya ɗaya.

Ashe ba katanga ce ta ɓoye gidan ba. Munanan fahimtocinmu ne suka yi masa gadi.

Jihar Katsina ta samu dokar kare yara a 2020, ƙasa kuma ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023. Amma doka ba ta leƙa ɗaki. Iyaye, ku riƙa ziyartar ɗanku a duk inda kuka kai shi, ku keɓe da shi, ku duba jikinsa. Malaman tsangaya na gaskiya, ku fara tona masu ɓata muku suna. Masu unguwanni da dagatai na Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Baure da Zango, ku san abin da ke gudana a kowane gida da ake tara yara. In yaro ya ce ana cutar da shi, a saurare shi, a bincika, a kai rahoto ga hukuma.